Reconsider, review, rethink ko second-guess: wacce za ka sa a takardarka?

Watan da ya wuce ɗan yayata ya shigo gida bayan la'asar riƙe da waya, fuska ba walwala. Ya nemi canjin sashe a makarantar da yake karatu an hana shi, yana so ya rubuta wa shugaban sashen takarda da Turanci ya roƙi a sake duba maganarsa. Ya ce, "Kawu, kalmomi huɗu na samo, kuma duk ƙamus ɗin wayata ya ce sake tunani suke nufi. Wacce zan sa?" Na karɓi wayar. Ya riga ya fara rubutu, layin farko yana gaya wa Farfesa cewa ya kamata ya yi *rethink*. Na ce masa ya zauna tukuna, kada ya tura.

Ba laifin yaron ba ne. Ƙamus yana ba ka ma'ana, amma ba kasafai yake gaya maka gaban wa ake furta kalma ba. Mu ma a Hausa haka abin yake. "A sake duba" daban, "a sake lale" daban, "bita" daban, "ihu bayan hari" daban, duk da kowannensu waiwaye ne ga abin da aka riga aka yanke. Yaro mai tarbiyya zai iya ce wa mahaifinsa, "Baba, don Allah a sake duba maganar nan." Ba zai taɓa ce masa ya sake lale ba. Wannan bambancin da kunnenmu ke kamawa nan take a Hausa shi ne yake kuɓuce mana a Turanci, kuma takardar makaranta ko ta ofis ko ta biza tana iya lalacewa a kan kalma guda.

Abin da zan auna su da shi

Tambayar farko, wadda ta fi sauran nauyi: shawarar wa ake magana a kai, kuma wa ake so ya taɓa ta? Wanda ya yanke ta ne, ko wani can daban, ko kai kanka?

Sai farashi. Ba a sayen kalma a kasuwa, amma biyu daga cikin waɗannan sunaye ne na matakan hukuma, masu wa'adi, wani lokaci har da kuɗin da ake biya. Wasu kuma da mutuncinka kake biyan su a idon wanda ka rubuta wa.

Sai ƙarko: in kalmar ta bar Kano ta je Landan ko Washinton, ko ta bar hirar baki ta shiga takarda, ma'anarta tana nan daram ko ta sauya? Sai sauƙi, wato nahawunta da furucinta. Na ƙarshe haɗari: in ka sa ta inda ba muhallinta ba, me za ka rasa?

Reconsider

Ɗafa-goshin *re* yana nufin sakewa, *consider* kuma auna abu a zuciya kafin a yanke hukunci. Tushenta Latin ne, kuma masana asalin kalmomi da dama suna danganta ta da kalmar tauraro a harshen, kamar mai tsayawa ya dubi sama da kyau kafin ya kama hanya. Mafi kusa da ita a Hausa shi ne "a sake dubawa" ko "a sake shawara". Abin da ya sa na fi son ta shi ne ba ta ƙwace wuƙa da nama daga hannun mai su. Kana ce masa: hukuncin naka ne, ga wani abu da nake roƙon ka ɗora a kan sikeli. Ba ka ce ya yi kuskure ba.

Yadda majalisu ke amfani da ita ya nuna wannan ƙarara. A littafin ƙa'idojin taro da wani injiniyan sojan Amurka, Henry Robert, ya wallafa a 1876, wanda ƙungiyoyi da yawa a can ke bi har yau, ba kowa ke da ikon gabatar da ƙudurin sake duba ƙuri'ar da aka kaɗa ba, sai wanda ya kaɗa tasa a ɓangaren da ya yi rinjaye. Majalisar dattawan Amurka tana da ƙa'ida mai kama da haka. Shi ya sa in shugaban masu rinjaye ya ga ƙudurinsa zai faɗi, yakan sauya ƙuri'arsa a minti na ƙarshe ya koma cikin masu cewa a'a, don ya sami damar dawo da maganar daga baya. Wanda ya ɗaure shi ke da ikon kwancewa.

Farashinta yawanci rahusa ne: takarda da ladabi. Amma akwai wuraren da ta zama sunan mataki mai wa'adi. Hukumar fansho da tallafin nakasassu ta Amurka tana kiran matakin farko na ƙalubalantar hukuncinta *reconsideration*, kuma kwana 60 take bayarwa. A Birtaniya, tun 2013, wanda aka hana kuɗin tallafi sai ya fara neman *mandatory reconsideration*, yawanci cikin wata guda, kafin ya je gaban kotun sauraren ƙorafi. A duka biyun maganar tana komawa ne cikin hukumar da ta yanke hukuncin. Farashinta na ainihi wani abu ne dabam: dole ka zo da sabon dalili. Takardar da ta ce a sake duba, sannan ta maimaita abin da aka riga aka ji, ba ta ba mai karanta ta komai da zai riƙe ya sauya ra'ayi ba tare da ya ji kunya ba.

Ƙarkonta ya fi na duk sauran. Ma'anarta ɗaya ce a Abuja da Landan da Washinton, a baki da a takarda. Nahawunta ma ba wuya, sai dai kura-kurai biyu da nake yawan gani a rubutun ɗalibanmu. Ba a bin ta da *about*. Kai tsaye take hawa kan abin da ake magana, kamar *reconsider my application*. Ba a kuma ƙara mata *again*, domin sakewar tana cikinta tun farko.

Haɗarinta kaɗan ne, amma akwai rami ɗaya. A siyasa da ofisoshin Birtaniya, in aka ce mutum ya yi *consider his position*, ana nufin ya yi tunanin ajiye muƙaminsa. Don haka kada ka rubuta wa babba cewa ya sake duba *position* ɗinsa kana nufin matsayarsa a kan batu. Sa *decision*, ka huta. Kuma ka sani in kalmar ta gangaro daga sama zuwa ƙasa launinta yana canzawa: maigidanka a ofis ya ce yana ba ka shawara ka yi *reconsider*, gargaɗi ne yake maka cikin lalama.

Review

Nan ne ya kamata a daɗe, domin ita ce kalmar da ta fi cin kuɗin mutane. Ma'anarta sake kallo, bita bisa tsari. Bambancinta da ta farko shi ne ba zuciyar mai hukunci take nema ba, takardu take nema: an bi ƙa'ida ko ba a bi ba? Sau da yawa wani ne daban ke yin bitar, kuma babu alkawarin sauyi a cikinta ko kaɗan.

Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya san ta ko bai san sunanta ba. Tun gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, in alƙalin wasa ya zana akwati a iska da hannuwansa ya ruga gefen fili ya duba allo, *review* yake yi. Yana iya dawowa ya soke fenareti, yana iya tabbatar da shi, yana ma iya mayar da katin gargaɗi ya zama jan kati. Ba roƙon 'yan wasa yake saurara ba, hoto yake kallo.

Farashinta na iya zama kuɗi tsaba. Ɗalibin da aka hana bizar karatu ta Birtaniya yana iya neman *administrative review*: fam 80 ne, kuma kwana 28 gare shi in yana wajen ƙasar, 14 in yana ciki. Abin da jami'in zai duba shi ne ko wanda ya yanke hukuncin farko ya yi kuskure a aikinsa, misali ya yi lissafin kuɗin asusu ba daidai ba, ko ya tsallake wata takarda da aka haɗa. A ƙa'ida ba wurin kawo sababbin hujjoji ba ne. Wanda matsalarsa ita ce shi ne bai haɗa takardar ba tun farko, ya biya kuɗin nan a banza, ga watannin jira.

Mu a Najeriya mun ga tsadarta a bainar jama'a. Ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un jam'iyyar APC a Zamfara saboda rashin ingantaccen zaɓen fitar da gwani, kwana biyar kafin rantsuwa, Bello Matawalle ya zama gwamna. A Janairun 2020 ta sauke Emeka Ihedioha a Imo ta ba Hope Uzodinma. Ranar 13 ga Fabrairu ta soke nasarar David Lyon a Bayelsa ana gobe za a rantsar da shi. Duk ɓangarori ukun da suka sha kaye sun koma suna neman kotun ta yi *review* na hukuncinta, duka kuma ta kore su. A shari'ar Bayelsa har ta ci tarar manyan lauyoyi biyu naira miliyan 30 kowannensu, daga aljihunsu. Dalili shi ne sashe na 235 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce hukuncin Kotun Ƙoli shi ne na ƙarshe. Abin da ƙa'idojinta suka yarda a gyara shi ne tuntuɓen alƙalami, ba a sake shari'a daga tushe ba. Akwai kuma inda doka ta buɗe ƙofar da kanta: Dokar Zaɓe ta 2022, a sashe na 65, ta ba INEC kwana 7 ta yi bitar sakamakon da aka ayyana bisa tilas ko saɓanin doka. Kalma ɗaya ce a wuraren biyu. A ɗaya akwai ƙofa, a ɗayan bango ne.

Ƙarkonta matsakaici ne, saboda rigunanta sun yi yawa. Sharhin littafi *review* ne. Auna ƙwazon ma'aikaci a ƙarshen shekara *review* ne. Ɗalibin Amurka da ke bitar karatu kafin jarrabawa *review* yake yi, alhali na Ingila da namu *revise* suke cewa. Sannan ga rigar da muka ɗinka mata a nan gida: in hukuma ta ce ta yi *review* na farashi, kowa ya san ƙari ake nufi. A Afrilun 2024 da aka yi wa kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun lantarki mafi yawan awanni a rana, irin wannan bita, yunit ya tashi daga ƙasa da naira 70 zuwa 225. A Yulin shekarar kuma bita ce ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Saboda haka in kana rubuta wa mai gidan haya ko mai kawo maka kaya, ka faɗi ɓangaren da kake so bitar ta nufa, sama ko ƙasa. Kada ka bar kalmar tsirara.

Sauƙi kam tana da shi: siffarta ɗaya ko suna ce ko aikatau. Haɗarinta shi ne kaifi biyu gare ta. Wanda ya nemi a sake duba makin takardar jarrabawarsa ya buɗe ta ne gaba ɗaya, makin na iya hawa, yana iya sauka. Kafin ka nemi bita ka tabbata kana iya nuna kuskuren da yatsa.

Rethink

Wannan ita ce "sake lale". Ba hukunci ɗaya take taɓawa ba, tsarin da ya haifi hukuncin take tumɓukewa. Ana yi wa manufa, da dabarar kasuwanci, da tsarin karatu. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a Oktoban 2022, ya sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu sake dubawa ce kawai, an matsar da rana an bar tsarin. Masu cewa a bar tsofaffin kuɗi su ci gaba da yawo tare da sababbi har su ƙare da kansu, su ne masu neman *rethink*. Bankin bai yi hakan da kansa ba, sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka je Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗin halattattu ne har ƙarshen shekarar. Kamfanin Coca-Cola kuwa da kansa ya sake lale a 1985: ya canza ɗanɗanon lemonsa a Afrilu, masu sha suka yi ca, a Yuli ya dawo da na da.

Ba ta cin kuɗi, mutunci take ci. Duk wanda ka ce wa ya yi *rethink* ka gaya masa a fakaice cewa tunaninsa na farko bai yi ba. Tsakanin abokan kasuwanci ba komai. A sharhin jarida ma muhallinta ne, shi ya sa jaridunmu na Turanci ba sa gajiya da kiran gwamnati ta yi *have a rethink*, kuma ina zargin daga nan ɗan yayata ya tsinto ta. Amma abin da marubucin jarida zai faɗa wa gwamnati, ɗalibi ba zai faɗa wa malaminsa ba.

Tana da ƙarko, ana jin ta ko'ina, sai dai ta fi zama a taron ofis da jarida fiye da takardar roƙo. Wajen sauƙi ita ce ta baya. In abin ya wuce *rethought* ake cewa, ba a liƙa mata *ed*. In aikatau ce murya tana dira a gaɓa ta biyu, in suna ce a ta farko. Ga kuma sautin *th* da babu shi a Hausa, wanda bakinmu ke mayarwa "s" ko "t".

Second-guess

Ita ce ta fi ruɗa mutane, domin da gani sai ka ɗauka tana nufin sake tunani karo na biyu cikin natsuwa. Ba haka ba ne. A Amurka aka haife ta, a filayen wasan besbol na shekarun 1930, inda ake kiran ɗan kallon da ke sukar mai horarwa bayan wasa ya ƙare *second-guesser*. Mai horarwa shi ya yi hasashen farko, lokacin da ba wanda ya san yadda za ta kaya. Ɗan kallo ya yi na biyu bayan sakamako ya fito. Mun san su sarai: ana tashi daga kallon wasa kowa a teburin mai shayi ya san ɗan wasan da bai kamata a cire ba. Ihu bayan hari ke nan, da ɗan gaurayen raini.

Tana da ma'ana ta biyu, wadda aka fi ji a bakin 'yan Birtaniya: ƙoƙarin hango abin da wani zai yi kafin ya yi, kamar ɗan kasuwa da ke son ya riga abokin hamayyarsa. Sai ta uku, in mutum ya juya ta kansa, *second-guess yourself*. Wannan wasi-wasi ne: ka zaɓi amsa a jarrabawa ka goge, ka sake zaɓa ka sake gogewa, ba don ka tuno wani sabon abu ba sai don zuciya ta ƙi zama. Ka lura a duk ma'anonin uku babu inda ake gyara shawarar. Suka ce, ko hasashe, ko kokwanto.

Shi ya sa masu harshen suka fi amfani da ita tare da korewa. Kotunan Amurka sukan ce ba aikinsu ba ne su yi *second-guess* na shawarar kasuwanci da daraktocin kamfani suka yanke da kyakkyawar niyya, ko da ta jawo asara. Likita zai ce wa ƙaramin likita ya daina yi wa kansa. Kalma ce ta bayyana hali, ba ta neman alfarma ba.

Farashinta a takardar roƙo shi ne takardar gaba ɗaya. Ko ka rubuta cewa ba nufinka ka yi *second-guess* na hukuncin babba ba ne, ka riga ka jefa masa tunanin a rai. Ƙarkonta rauni gare shi tunda ma'anarta tana karkata tsakanin Amurka da Birtaniya, kuma a nan gida mutane da yawa ba su saba da ita ba. Nahawunta ba wuya, a dai tuna da karan-ɗori a tsakiya. Ina ganin ya kamata kowane mai koyon Turanci ya san ta don ya gane in an jefe shi da ita, ko da ba zai taɓa rubuta ta ba.

Uku da ke raɓe da su

*Second thoughts* 'yar'uwar ta sama ce a kama, ba a hali ba. Taka ce kai kaɗai: zuciya ta fara rawa a kan abin da ka riga ka amince, sayen fili ko tafiya ko aure. Ɗan Ingila yana cewa *on second thoughts*, Ba'amurke yana yar da harafin ƙarshe. *Revisit* ta taron ofis ce, "mu dawo kan maganar nan gaba", kuma sau da yawa hanyar ɗage magana ce cikin ladabi. *Appeal* kuwa ɗaukaka ƙara ce: ka tsallake wanda ya yanke hukunci ka je sama da shi. Wanda ya rubuta ta a takardar da ya miƙa wa shi mai hukuncin, a matsayin take, yana iya sa a ɗauka ƙararsa ya kai.

| Kalma | Kusa da ita a Hausa | Wa ke taɓa shawarar | Farashi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| reconsider | a sake dubawa | wanda ya yanke ta | sabon dalili, wani lokaci wa'adi | sosai | mai sauƙi | kaɗan |
| review | bita bisa ƙa'ida | sau da yawa wani daban | kuɗi da wa'adi a matakan hukuma | matsakaici | mai sauƙi | sakamako na iya yin sama ko ƙasa |
| rethink | sake lale | mai tsarin | tana taɓa girman wanda aka gaya wa | mai kyau | da ɗan wuya | babba in ga na sama ne |
| second-guess | ihu bayan hari, wasi-wasi | ba kowa | tana ɓata roƙo | rauni | matsakaici | babba |

Wacce ta dace da wa

In hukuma ce ta hana ka abu a rubuce, kafin ka buɗe ƙamus ka karanta takardar hanin har ƙasa. Yawanci tana faɗin matakin da ya rage maka da sunansa da wa'adinsa, kuma sunan da ta kira shi da shi za ka sa, ko da wata kalmar ta fi maka daɗin ji. In ba ta ambaci komai ba, mai yiwuwa babu matakin. Wanda aka hana bizar ziyara ta Amurka ƙarƙashin sashe na 214(b) na dokar shige da ficen ƙasar ba shi da ɗaukaka ƙara. Hanyarsa ita ce sabon fom da sabon kuɗi, wanda ya koma dala 185 tun 2023, kuma ba shi da amfani sai in wani abu ya canza a halinsa. Bizar ziyara ta Birtaniya ma a mafi yawan lokuta ba ta da bita. Duk wanda ya karɓi kuɗinka don ya rubuta maka takardar roƙo a irin waɗannan, Turanci kawai ya sayar maka.

In kana iya nuna kuskure a lissafi ko a bin ƙa'ida, maki da ba a tara daidai ba, kuɗin wuta da ya saɓa wa mita, albashin da aka biya a matakin da ba naka ba, *review* ce taka. Ka ambaci kuskuren, ka haɗa shaida, ka bar maganar tausayi a gefe.

In kai da abokan aikinka ne kuke ganin dabarar da kuka ɗauko ba ta tafiya, ko kana rubuta sharhi a kan manufar gwamnati, ko kana magana a kan tsarinka na kanka, *rethink* ta dace, kuma *reconsider* a nan za ta yi sanyi da yawa. In kana so ka janye daga alkawarin da ka ɗauka ba tare da ka ɗora wa kowa laifi ba, ka ce kana da *second thoughts*. In abokinka ya yanke shawara da hujja amma ya kasa barci yana juya ta, a nan ne kaɗai zan ce ka ɗauko *second-guess*, ka ce masa ya daina yi wa kansa.

In kuwa mutum ne mai iko da kai, malami ko maigida ko shugaban kwamiti, bai karya wata ƙa'ida ba, ikonsa ya yi amfani da shi, kai kuma kana da abin da bai sani ba lokacin da ya yanke, to *reconsider*. Ita muka sa a takardar ɗan yayata. Na tambaye shi ko akwai abin da Farfesa bai gani ba, ya ce sakamakon zango na biyu bai fito ba lokacin da ya nema, yanzu ya fito kuma makinsa ya haura abin da sashen ke buƙata. Muka goge sakin layi uku na bayanin yadda yake ƙaunar fannin tun yana yaro. Muka bar jimla ɗaya ta roƙon a yi *reconsider* na takardar nemansa, jimla ɗaya mai faɗin sabon makin da ranar da ya fito, ya haɗa kwafin sakamakon a baya, ya sa hannu.